Babi na Biyar: Daɓen Jirgin Kamun Kifi

Ranar da mai jirgi ya ji daɓe ya lotsa a ƙarƙashin diddigensa, tambayar da yake yi kusan ɗaya ce ko a ina yake. Yaya aka yi jikin jirgi na waje, wanda ya kwana ya wuni a cikin kogi, yana nan garau, amma katakon ciki da ake takawa, wanda ko taɓa kogin bai yi ba, shi ne ya ruɓe? Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo baya, wadda aljihu ne ke yin ta: ba zan iya yaye tsohon kafet ɗin nan in shimfiɗa sabo in huta ba?

Idan na ce daɓe a wannan babi, ina nufin shimfiɗar da ake tsayawa a kai a cikin jirgi, ko ta katako ce ko ta goran ruwa, da duk abin da aka lulluɓe ta da shi. Amsar tambaya ta farko ita ce za ta kai mu ga ta biyu, don haka da ita za mu fara.

Darasin Dufuna

A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako a zurfin kusan mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono wurin, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, sassaƙaƙƙe daga itace guda. Awon da aka yi ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma ba a san wani jirgin ruwa da ya girme shi ba a duk Afirka.

Abin tambaya shi ne yadda itace ya yi wannan daɗewa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa bai narke ba, alhali daɓen jirgin da aka saya shekarun baya kaɗan ya zama kamar burodi. Sirrin yana ga abin da ke ruɓar da katako. Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da shi. Wasu ƙananan halittu ne dangin funfuna ke cin sa, kuma abu uku suke buƙata a tare: danshi, iska da ɗumi. Katakon da ya nutse gaba ɗaya ba ya samun iska, sai ya tsira, kamar na Dufuna. Wanda ya bushe sosai, danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ma ya tsira, shi ya sa ƙyauren zauren kakanninmu ke nan har yau. Wanda ya shiga uku shi ne na tsakiya, wanda bai nutse ba kuma bai bushe ba, yana cikin duhu da zafi, iska kaɗan na ratsa shi. Daɓen jirgi ke nan.

Kuma yawancin ruwan da ke yin wannan ɓarna daga sama yake zuwa. Ruwan sama, ruwan da ke ɗiga daga taru da birgi, ruwan da ake wanke kifi da shi, duk a kan daɓe suke zuba, su nemi kafa su gangara ƙasa. Ruwan daɗi ma ya fi na gishiri saurin ruɓar da katako, domin gishiri na hana funfuna sakat. Mu kuwa, daga Yauri da tafkin Kainji har Baga, duk a ruwan daɗi muke su.

Daga ina kafet ya shigo jirgi?

Al'adar shimfiɗa kafet a jirgin kamun kifi ta fi ƙarfi a Amurka, kuma a can tana da dalilinta. Jirgin goran ruwa kamar ganga yake: ka yar da filaya a ciki, ƙarar ta ratsa ruwa ta kori kifi. Kafet na kashe wannan ƙara, yana hana santsi, yana hana ƙarfe ƙona tafin ƙafa idan rana ta take. To amma dubi yadda mai jirgin yake. Galibi ɗan sha'awa ne mai fita a ƙarshen mako, da ya dawo ya ja jirginsa da mota ya kai gida ya rufe. Da yawansu ma sakin kifin suke yi bayan sun kama. Kafet ɗinsa na samun kwanaki yana bushewa.

Masuncinmu kullum yana ruwa. Jirginsa a bakin kogi yake kwana, damina ta same shi a buɗe. Yauƙin tarwaɗa da jinin kifi da taɓo duk suna shiga cikin gashin kafet su zauna, ƙugiyar mamari ta sarƙe a ciki, ƙarni ya kama shi har ya zama ko an wanke ba ya fita. Mafi muni, kafet kan riƙe ruwa a jikin katako kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka ɗora a kan ciwo, kuma ya rufe ɓarnar har sai ta yi nisa. Saboda haka idan aka ga kafet ya tsufa ya yayyage, abin da ya kamata a fara zargi shi ne abin da ke ƙarƙashinsa.

Taka ka ji

Kafin a sayi komai, a fito da jirgin tudu, a cire takalmi, a bi daɓen taki ɗaya-ɗaya ana danna diddige. A fi mai da hankali ga wurare uku: gindin kujeru, bakin murfin akwatuna, da can baya kusa da inji inda ruwa ke taruwa. Sannan a ɗauki ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako na amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi kabewa. Inda aka yi shakka a soka sukundireba. Idan ta shige ba gardama, ko sukurun da ke wurin yana juyawa ba ya kamawa, magana ta ƙare.

Na taɓa tsayawa a kan wani jirgin faiba da aka ja tudu domin a canza masa kafet kawai. Mai shi har ya sayo sabon, yana naɗe a gefe cikin ledarsa. Da aka kama gefen tsohon aka ja, sai ya taso tare da fatar katakon, baƙi ƙirin, wani wari mai tsami ya bugi kowa. Kafintan da ke aikin ya sa yatsa ya kwaso katakon kamar mai ɗibar jiƙaƙƙiyar dussa, ya murza, ruwa ya fito. Ba wanda ya ce uffan na ɗan lokaci. Mai jirgin ya tsuguna yana kallon ramin, domin a daidai nan ɗansa ke tsayawa idan zai jefa birgi.

Da an shimfiɗa sabon kafet ɗin a kan wannan, da an yi masa kyan ɗan maciji. Idan gwaji ya nuna katakon lafiya lau yake, to amsar tambaya ta biyu e ce, a kankare tsohon gam a shimfiɗa sabo. Idan ko wuri ɗaya ya lotsa, sai an buɗe.

Buɗe daɓe

Abu na farko, a fitar da tankin mai da batir, a bar jirgin ya sha iska. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, kuma tartsatsi guda daga na'urar yanka ya isa. Ba a shan taba a wurin, ba a hura wuta kusa. Sannan a ɗauki hoton komai da waya kafin a kwance: inda kujeru suke, inda wayoyin lantarki da tiyon mai suka bi. Bayan mako biyu ba wanda zai tuna.

Kada a yi gaggawar zubar da tsohon kafet da tsohon katako. Jirgi ba shi da miƙaƙƙen gefe kamar ɗaki, kuma waɗannan tsofaffin su ne ma'aunin da za a ɗora a kan sabon katako a zana. Inda suka ragargaje, sai a yanka kwali a gwada har ya zauna.

A jirgin goran ruwa aikin da sauƙi, sukurori ne ko ribit za a cire a ɗaga allunan. A jirgin faiba kuwa daɓen manne yake da jikin jirgin, sai an yanka. A nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Jikin jirgi bai da kauri, kuma kusa da gefe yana dab da daɓen, don haka wanda ya zurfafa zarto zai huda jirginsa da hannunsa. A saita zurfin zarton daidai kaurin katakon, a bar kamar yatsa uku na tsohon daɓen a kewaye, daga baya a bi shi a hankali da hannu. Ƙurar faiba na sa ƙaiƙayi kuma tana cutar da huhu, a rufe hanci da ido, a sa riga mai dogon hannu.

Soson da ya sha ruwa

A ƙarƙashin daɓen jiragen da aka ƙera a masana'anta galibi za a tarar da wani soso mai tauri. Aikinsa shi ne ya hana jirgi nutsewa ƙasa ko da ya cika da ruwa, kuma dokar Amurka ta wajabta shi a ƙananan jiragen inji da ba su kai ƙafa 20 ba. Sabo ba ya shan ruwa, amma idan ya shekara da shekaru yana jiƙe, sai ya fara sha, kuma in ya sha ba ya bushewa ko an shanya.

A yi lissafi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Soson da ya riƙe lita 100 ya zama buhun siminti 2 da jirgi ke yawo da su dare da rana. Mai jirgi zai ga inji na shan mai fiye da da, jirgin ya yi nauyin tashi, gindinsa ya ƙara nutsewa, ya yi ta kai inji wurin makaniki a banza. A yanko ɗan soson daga can ƙasa a matse. In ya yi ruwa a kwashe shi duka, a mayar da sabo irin wanda ba ya shan ruwa. Soson katifa ba ya wannan aiki ko kaɗan. Ina roƙon mai gyara kada ya bar wurin fayau don tsimin kuɗi, domin ranar da igiyar ruwa ta cika jirgi, wannan soson ne abin da mutane za su riƙe har taimako ya zo.

Da an kwashe soso, haƙarƙarin jirgi zai bayyana, wato dogayen katakan da daɓe ke zaune a kansu. Su ne azarar wannan gini. A gwada su da sukundireba kamar yadda aka gwada daɓen, wanda ya ruɓe a canza shi. A jikinsu akwai ƙananan kafofi da aka bari domin ruwa ya gangara baya inda ake kwashe shi. Kusan kullum za a same su a toshe da taɓo da ɓawon kifi da guntun zare. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san abin da ke faruwa idan indararo ya toshe a watan Agusta. A buɗe su, in sun yi ƙanana a faɗaɗa. Sannan a bar jirgin ya bushe sarai. Shi ya sa hunturu ne lokacin wannan aiki.

Wane katako?

Abin da aka fi amfani da shi filawud ne, katakon nan mai hawa-hawa da aka manne da gam. Wanda ake yin silin da bayan kabad da shi bai dace ba, gam ɗinsa ba ya jure ruwa, damina ɗaya zai ɓare kamar littafi. Akwai wanda aka yi musamman domin jirgi, mai gam da ba ya narkewa kuma babu rami a tsakanin hawansa. Ingantaccensa kan ɗauki hatimin BS 1088, ma'aunin Ingila, kuma da yawansa daga itacen okume ake yi, wanda ke fitowa a dazuzzukan Gabon da maƙwabtanta. Kaurin milimita 12 kan isa idan haƙarƙarin na kusa da juna, in suna da tazara a nemi 18.

Hatimi dai ana iya buga shi a kan komai, don haka ga gwajin da ba ya ƙarya. A yanko guntu kamar tafin hannu, a jefa a tukunya a tafasa shi sa'o'i, a fitar ya bushe, a sake tafasawa. Wanda hawansa ya rabu, a bar wa mai shago kayansa. Araha ba ta ado, balle a wurin da za a tsaya a tsakiyar kogi.

Mai jirgin goran ruwa ya kiyayi katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓa mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda sau da yawa ake gane shi da ɗan kore-koren launi. Jan ƙarfe da goran ruwa in suka haɗu a cikin danshi, goran ruwan ne ke cinyewa, ya yi ƙananan huji kamar rariya. Mutum ya tsere wa ruɓar daɓe ya faɗa hujewar jirgi.

Rufe kowace kafa

Ko filawud ɗin jirgi ma yana ruɓewa in aka bar shi tsirara, gam ɗinsa ne kawai ba ya sakewa. Dole a shafe shi, kuma a nan ne aikin yake cin lokaci. Mafi kyawun abin shafawa shi ne ifoksi, gam mai ruwa biyu da ake haɗawa. A bi awon da aka rubuta a jikin gwangwanin daidai, ba a ƙiyasi da ido. A zafinmu yana saurin daskarewa, har kofin ya ɗauki zafi a hannu, don haka a dama kaɗan-kaɗan, a yi aikin a inuwa. Wanda bai samu ba, ruwan faiba da masu gyaran bodin mota ke amfani da shi zai yi, tare da zanen faiba, sai dai bai kai ifoksi kama katako ba, kuma ɗigon maganin da ke busar da shi mugun abu ne ga ido.

A shafa sama, a shafa ƙasa, sau biyu ko uku. Mutane kan ƙawata saman da ido ke gani su manta ƙasan da ke fuskantar danshi. Gefen da zarto ya yanka ya fi ko'ina ƙishirwa. Dubi kan rake inda aka sare shi, duk ƙananan kafofi ne, haka gefen filawud yake zuƙar ruwa. A yi ta shafa masa har ya ƙoshi ya daina sha.

Sai hujin sukurori. Kowane sukuru ƙofa ce da aka buɗe wa ruwa zuwa cikin katako, kuma yawancin ruɓar da na gani daga gindin kujera ta faro. Dabarar ita ce a huda ramin ya fi sukurun faɗi, a cika shi da ifoksi, in ya bushe a sake huda ƙarami a tsakiyarsa. Sukurun zai kama gam, ba zai taɓa katako ba. A yi amfani da sukurun ƙarfen da ba ya tsatsa, domin na gama-gari zai yi tsatsa ya baƙanta katakon da ke kewaye da shi ya sassauta. Kuma a bar murfi ɗaya ko biyu da za a iya ɗagawa a leƙa ƙasa, iska ta shiga.

Me za a shimfiɗa a sama?

Wanda ya nace sai kafet, to ya nemi na jirgi, mai zaren roba da bayan roba. Na ɗaki bayansa na shan ruwa ya ruɓe. A shafa gam mai jure ruwa ko'ina, a shimfiɗa daga tsakiya ana murzawa zuwa gefe don kada iska ta maƙale, kuma a lura gashin kowane yanki ya kwanta fuska ɗaya, in ba haka ba daɓen zai fito kala biyu. Akwai kuma leda mai kauri mai gurza-gurza da ake wankewa da bokiti guda, da wani soso mai laushi da ake mannawa, wanda ke da daɗin takawa amma ƙayar kurungu da wuƙa na yaga shi.

Ni dai in jirgin neman abinci ne, ba na ba da shawarar a mayar da kafet. A shafa fenti mai kyau, tun yana ɗanye a barbaɗa masa tankaɗaɗɗen yashi wanda aka wanke ya bushe, in ya kama a share ragowar a sake shafa fenti a sama. Ƙafa ba za ta zame ba, ruwa ba shi da wurin ɓuya, kuma duk ranar da tsaga ta fito ido zai gan ta. A zaɓi launi mai haske saboda rana. Wurin da ake tsayawa a jefa masa guntun tabarmar roba da za a iya ɗagawa a shanya da yamma.

Jirgin falanki

Mafi yawan masuntanmu, Sarkawa da sauransu, jirgin falanki suke tuƙawa, kuma ta wannan fuska sun fi mai jirgin faiba sa'a. Cikin jirginsu a buɗe yake, ruwan da ya shiga ana ganinsa, a sa yankakkiyar jarka a kwashe. In akwai allunan takawa, sake suke, ana ɗaga su. Wannan tsari daidai yake da abin da muka koya daga Dufuna, kuma bai kamata a canza shi don kwalliya ba.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne faci. Falanki ya yi laushi, sai a buga masa gwangwani ko kwano a sama a shafe da kwalta. Yoyo zai tsaya na ɗan lokaci, amma an yi wa katakon abin da kafet ke yi, an kulle danshi a ciki. Facin na kai jirgi gida ne, ba na shekara ba. In an samu sarari a cire ruɓaɓɓen har a kai ga lafiyayyen katako, a sa busasshen falanki wanda bakinsa biyu suka sauka a kan haƙarƙari, a cusa auduga a tsagar sannan a bi da kwalta. Kada a cusa da ƙarfin tsiya, domin busasshen katako zai kumbura in ya koma ruwa ya matse tsagar da kansa.

Akwai wani katako guda da ban taɓa ba tukuna, kuma duk wanda ya buɗe daɓe ya ga ruɓa ta kai baya to ya sa masa ido. Shi ne allon gindin jirgi, inda ake rataye inji. Shi ke ɗauke da nauyin injin da duk turin da yake yi, kuma ruwan da ya ci daɓe yakan bi haƙarƙari ya isa gare shi. Yadda ake gane ya fara lalacewa, da yadda ake sake shi ba tare da an ɓata siffar jirgi ba, shi za mu duba a babi na shida.